Tsawon Zamani a Fagen Tseren Motoci: Yadda Tsofaffin Direbobi Ke Haɗa Jiya da Yau

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a tashar motar Gummi, ko ta Anka, ko ta Bukkuyum, sa'ad da lodi ya ja baya direbobi suka taru a inuwa ana hira, zai lura da wata ɗabi'a tasu. Ba su cika ƙidaya tarihin sana'arsu da shekaru ba, da mutane suke ƙidaya shi. Sai a ji an ce wane a hannun wane ya koyi tuƙi, shi kuwa wancan yaron motar wane ne tun kafin a zuba kwalta a hanyar Ɗaki Takwas. In aka bi zancen a hankali, sai a tarar sunaye kaɗan sun isa su kai mai sauraro can baya, zamanin da mota take baƙuwa a ƙasar. Abin da ya sa sunayen ba su da yawa shi ne, a kowane zamani akan sami wani wanda ya daɗe bisa sitiyari, ya yi aiki da iyaye, ya kuma yi da 'ya'yansu.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin wannan al'amari a wani fage na tuƙi da ba a saba da shi ba a nan, watau tseren motoci. Za a ɗora bayanin a kan gasar Faris zuwa Dakar, domin ita ce babbar gasar da ta yi shekara ashirin tana ratsa ƙasar Nijar, inda jama'ar Agadas da Tawa da Yamai suka gan ta da idonsu. Za a nuna yadda mutum shida kacal suka haɗa shekarar 1950 da zamanin yau, da dalilin da ya sa hakan ya yiwu, da kuma abin da yake bin wannan hanya daga tsoho zuwa yaro.

Tsara da Salsala

Kalmomi biyu na Hausa za su taimaka wajen fahimtar batun. Ta farko ita ce tsara, watau mutanen da suka tashi tare, suka shiga fage lokaci ɗaya, suka yi tashe tare. Ta biyu ita ce salsala, irin wadda malamai suke ja in za su faɗi wanda suka karanta littafi a wurinsa, da wanda shi ma ya karanta a wurinsa, har zuwa ga mawallafi. Tsara takan zo ta wuce gaba ɗaya. Salsala kuwa ba ta tsayuwa sai an sami wanda ya haɗu da na gabansa ido da ido, sa'an nan ya yi tsawon kwanan da na bayansa za su riske shi.

A wasannin ƙarfi kamar dambe da kokawa, zamanin mutum gajere ne. Da zarar gwiwa ta fara sanyi sai ɗan wasa ya koma gefen fage, ya zama mai ba da shawara. Da wuya a ga wanda ya kara da uba ya tsaya har ya kara da ɗansa. A tseren motoci kuwa inji ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, abin da ake bukata ga direba shi ne ido, da natsuwa, da sanin halin mota da na hanya. Saboda haka akan sami wanda ya yi shekara ashirin, ko talatin, ko fiye, yana cikin fage ana damawa da shi.

Gasar Dakar da Ƙasar Nijar

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya kafa gasar. A 1977 ya ɓata a cikin hamada bisa babur, yana cikin wani tsere daga Abijan zuwa Nice, aka tsinto shi da kyar. Maimakon abin ya sa shi tsoron hamada, sai ya ƙudura kawo wasu su gan ta. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Faris, suka bi ta Aljeriya, suka faɗo Agadas, suka wuce Yamai da Gao da Bamako. Ranar 14 ga Janairu 1979 guda 74 ne kawai suka isa Dakar, bayan tafiyar kimanin kilomita 10,000.

Tsarin gasar bai yi nisa da na ayarin fatake ba. Akan raba tafiyar zango zango, kowace rana a tashi daga wannan a kwana a wancan, a ƙarshe a haɗa lokacin da kowa ya ci, wanda nasa ya fi kaɗan shi ne zakara. Kowace mota tana da direba da kuma mai duba hanya a gefensa, wanda aikinsa ya yi kama da na jagaba. Akwai rukunin babura, da na ƙananan motoci, da na manyan motoci. A 1983 gasar ta fara keta hamadar Tenere, wadda ayarin gishiri na Abzinawa ya daɗe yana ketawa zuwa Fachi da Bilma. Guguwar rairayi ta taso, kimanin 'yan tsere arba'in suka ɓata, sai da aka yi kwanaki ana nemansu da jirgi mai saukar ungulu. Daga nan Agadas ta zama cibiyar gasar, har a 1997 aka tashi daga Dakar aka zo Agadas aka juya. Wani Ba'abzine, Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas yake ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka taimaka wa Sabine da sanin ƙasa.

Jacky Ickx: Daga Kwalta Zuwa Rairayi

Wanda ya ci gasar a rukunin motoci a wannan shekara ta guguwa, watau 1983, shi ne Jacky Ickx, mutumin Beljiyam, cikin wata Marsandi. A kansa ne salsalar ta fara bayyana, domin kafin ya taka rairayin Nijar ya riga ya gama wani zamani cikakke a kan kwaltar Turai.

An fara gasar duniya ta Formula 1 a 1950, kuma gwarzon shekarunta na farko shi ne Juan Manuel Fangio na Ajantina, wanda ya zama zakara sau biyar tsakanin 1951 da 1957, ya ajiye tuƙi a 1958. A 1955, a tseren ƙasar Ingila, wani baƙo daga Ostareliya mai suna Jack Brabham ya shiga fage ɗaya da Fangio a karo na farko. Brabham ya zama zakara a 1959 da 1960 da 1966, na ƙarshen ma a cikin motar da ke ɗauke da sunansa, bai kuwa bar fage ba sai 1970. A 1969 ya ɗauki Ickx, wanda aka haifa a 1945, ya ba shi ɗaya daga cikin motocinsa. Ke nan yaron da yake ɗan shekara biyar sa'ad da aka fara gasar ya zauna a rumfa ɗaya da wanda ya yi tsere da Fangio.

Ickx ya zo na biyu a duniya a 1969 da 1970, ya yi tserensa na ƙarshe a Formula 1 a 1979. Ya kuma ci gasar Le Mans ta Faransa, wadda ake kwana ana wuni ana gudu har awa 24, sau shida. Akwai wani abu da ya yi a can a 1969 wanda ya cancanci ambato. Al'adar wurin ita ce direbobi su jeru a ƙetaren hanya, in an ba da alama su sheƙa da gudu su faɗa mota su tashi, da yawansu ba tare da ɗaura bel ba. Ickx ya ƙi gudu. Ya taka a hankali, ya zauna, ya ɗaura bel, ya tashi a ƙarshen kowa. A zagayen farko wani Baturen Ingila, John Woolfe, ya yi haɗari ya mutu. Washegari Ickx ne ya zo na ɗaya, kuma daga shekarar da ta biyo aka daina wannan al'ada. Sannu ba ta hana zuwa.

Da wannan ilmi ya shigo hamada. Ya ci gaba da zuwa Dakar shekara da shekaru, har a 1989 aka yi wani abu da ba a manta ba. Shi da Ari Vatanen, mutumin Finlan, duka motar Peugeot suke ja, sun kuma yi wa sauran nisa. Bayan an fito daga Nijar an isa Gao, shugaban rukuninsu, Jean Todt, ya ji tsoron kada su kashe kansu ko su lalata motocin wajen neman wuce juna, sai ya jefa tsabar faran goma sama ya yi musu ƙuri'a. Ta faɗa wa Vatanen, shi ya ci, Ickx ya zo na biyu. Todt ɗin nan shi ne ya shugabanci rukunin Ferrari a zamanin Michael Schumacher, kuma a 2009 ya zama shugaban hukumar tseren motoci ta duniya. Wanda ya kayar a zaɓen kuwa shi ne Vatanen.

Stéphane Peterhansel: Daga Afirka Zuwa Saudiyya

A wannan ayari na 1989 akwai wani saurayi Bafaranshe bisa babur ƙirar Yamaha, wanda ya fara zuwa a 1988 yana ɗan shekara 22. Ba rukuninsu ɗaya da Ickx ba, amma hanya ɗaya suka bi, zango ɗaya suka kwana. Sunansa Stéphane Peterhansel. Ya ci gasar babura sau shida, a 1991 da 1992 da 1993 da 1995 da 1997 da 1998, cikinsu har da wadda aka juya a Agadas. Daga nan ya koma mota ya ci sau takwas, a 2004 da 2005 da 2007 da 2012 da 2013 da 2016 da 2017 da 2021. Tsakanin cinsa na farko da na ƙarshe shekara talatin cif.

A cikin waɗannan shekaru gasar ta sake kama har sau da yawa. Sa'ad da ya fara, da kamfas da littafin hanya ake tafiya, sai a 1992 aka shigo da na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan Adam. A 2000 aka soke zangunan Nijar saboda barazanar hari, aka kwashi ayarin duka a jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya, kuma tun daga nan gasar ba ta sake ratsa Nijar ba. A 2008 aka soke ta ɗungum bayan kashe wasu Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi ta a Kudancin Amurka, a 2020 aka mayar da ita Saudiyya, sunan Dakar ne kawai ya bi ta. Peterhansel ya ci a nahiyoyin nan uku duka. Matasan da suka same shi a Saudiyya, waɗanda ba su taɓa ganin Tenere ba, a bakinsa da na ire-irensa suke jin yadda abin yake a da.

Rufewar Salsala

A gasar farko ta Saudiyya, a 2020, Peterhansel ya zo na uku. Na goma sha uku kuwa wani baƙo ne a hamada, amma ba baƙo ba ne a tuƙi, watau Fernando Alonso na Sifen, zakaran Formula 1 na 2005 da 2006. Da shi salsalar ta koma kan kwalta inda ta faro. Alonso ya fara tsere a Formula 1 a watan Maris na 2001, ya kara da Schumacher, ya kara da Jos Verstappen, sa'an nan daga 2015 ya kara da ɗansa Max Verstappen, wanda ya shigo yana ɗan shekara 17. A 2023 wani matashi ɗan Ostareliya, Oscar Piastri, ya shigo fagen ya tarar da Alonso. An haifi Piastri a watan Afrilu na 2001, watau bayan Alonso ya riga ya fara. A 2024 Alonso ya cika tsere 400, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa.

In aka jera su, ga yadda abin yake: Fangio ya haɗu da Brabham, Brabham ya haɗu da Ickx, Ickx ya haɗu da Peterhansel a rairayin Nijar, Peterhansel ya haɗu da Alonso a Saudiyya, Alonso ya haɗu da Piastri. Mutum shida, shekara fiye da saba'in. In da kowannensu shekara goma ya yi ya tafi, da sai an ninka sunayen kafin a kai.

Akwai kuma salsalar jini. Wanda ya zo na ɗaya a wannan gasa ta 2020 shi ne Carlos Sainz, shi ma ɗan Sifen, wanda ya sake ci a 2024 yana da shekara 61, alhali ɗansa mai irin sunansa yana tsere a Formula 1 tun 2015. Wanda ya fi kusa da direbobinmu na manyan motoci kuwa shi ne Yoshimasa Sugawara na Japan. Ya fara Dakar a 1983, bai daina ba sai 2019 yana da shekara 77, mafi yawan lokacin a cikin babbar mota ƙirar Hino. Ɗansa Teruhito ya taɓa zama a gefensa yana duba masa hanya, daga baya ya sami tasa motar, kamar dai yadda yaron mota yake zama direba.

Abin da Ke Kawo Daɗewa

Dalili na farko an riga an ambata, watau inji ya rage wa jiki aiki. Na biyu ya fi shafar hamada. Tsere ne na mako biyu ko uku, kuma wanda ya fi kowa gudu yau yana iya karya ƙafar mota gobe ya koma gida. Sanin inda rairayi yake da taushi, da lokacin da za a rage iskar taya, da yadda ake hawa tudu ba a san abin da ke bayansa ba, duk sai da shekaru ake samunsu. A nan abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Dalili na uku shi ne rai. Ba a daɗewa a sana'a sai an rayu. A zamanin ƙuruciyar Ickx mutuwa ba baƙuwa ba ce a fage. Jim Clark, zakara sau biyu, ya mutu a 1968. Jochen Rindt, wanda ya sha gaban Ickx a 1970, ya mutu kafin a ƙare gasar shekarar, bayan ransa aka ba shi kambun. Shi kansa Sabine ya mutu ranar 14 ga Janairu 1986 a ƙasar Mali, sa'ad da jirginsa ya faɗi ana cikin gasar. Waɗanda suka tsira, irin su Jackie Stewart, su ne suka matsa aka gyara hanyoyi, aka ƙarfafa jikin motoci, aka ajiye likitoci a bakin fage. Gyaran da tsofaffi suka yi shi ya ba na bayansu damar tsufa.

Wannan ya nuna abin da yake bin salsalar. Akwai ilmin da ba a rubuta shi, sai dai a gani a kwaikwaya. Akwai ma'auni, domin ba za a iya sa Fangio da Verstappen a mota ɗaya a ga wanda ya fi ba, amma ana iya auna kowane yaro da tsohon da ya tarar, shi kuma tsohon an riga an auna shi da na gabansa. Akwai kuma shugabanci, domin tsohon ɗan tsere yakan koma mai tsara gasa. Hubert Auriol, wanda ya ci Dakar bisa babur a 1981 da 1983, ya kuma ci a mota a 1992, shi ya riƙe ragamar gasar daga 1995 har kusan shekara goma.

Sai dai daɗewa tana da nata aibi. Kujerun Formula 1 kaɗan ne ƙwarai, kuma duk tsohon da ya ƙi tashi ya tare wa wani yaro hanya. Irin wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a tasha, inda yaron mota yakan yi shekaru yana jiran ranar da maigida zai miƙa masa makulli.

Kammalawa

Abin lura na ƙarshe ya shafi ƙasashen da gasar ta ratsa. Shekara ashirin ayarin yana wucewa ta Nijar, masu masauki da makanikai da masu nuna hanya sun sami abin da suka samu, wasu ƙauyukan Afirka ta Yamma kuma sun yi asarar rayuka, har da na yara, a ƙarƙashin tayoyin 'yan tsere. Amma ba wani ɗan Nijar ko ɗan Nijeriya da ya taɓa cin gasar, kuma ɗan Afirka na farko da ya ci ta a mota, Giniel de Villiers na Afirka ta Kudu, a 2009 ya ci, shekarar da gasar ta bar nahiyar. Wannan bai nuna rashin gwanaye ba, domin wanda ya iya fitar da mota cike da kaya daga laka da damina ba a raina hannunsa. Abin da ya faru shi ne, shiga gasar na bukatar kuɗi masu yawa da goyon bayan kamfani, saboda haka 'yan ƙasa suka tsaya a bakin hanya suna kallo, ba su zauna kusa da tsofaffin ba balle su karɓi wani abu daga hannunsu. Ganin gwani daga nesa ba ya shigar da mutum cikin salsalarsa.

Ita kuwa salsalar direbobinmu tana nan a tashoshin Anka da Gummi da Bukkuyum, amma a ka take. An san ranar da Brabham ya haɗu da Fangio domin an rubuta, ta tasha kuwa takan yanke duk ranar da aka binne wani tsohon direba. Wannan fage ne a buɗe ga ɗaliban al'ada da tarihin baka, su zauna da waɗanda suka rage, su tambaye su a hannun wa suka koya, da irin motar da suka fara ja, da hanyoyin da suka bi, tun suna da rai da lafiyar ba da amsa.